Sandar wankin tagogi a gaɓa take mutuwa

Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa na Maris, iskar hunturu takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi da sauran sassan Hamada, ta zube ta bisa Damagaram da Maraɗi da Tawa da Yamai. Mai gidan ƙasa ba ya wata damuwa da ita, shara ta ishe shi. Wanda take ba aiki shi ne leburan da aka danƙa ma tsabtar tagogin ma'aikata. Gilashin da ya wanke ran Litinin, kafin Alhamis ya koma ja wur, mai biro kuwa ba ya tambayar iska, lebura yake tambaya.

A da aikin bai kai ya kawo ba. Gine-ginen gwamnati na farko ba su da tsawo, tagoginsu na ƙarfe ne ko na katako, tsumma da bokiti sun wadatar. Da kuɗin uraniyom suka shigo, Yamai ta fara tashi sama, aka gina otel Gaweye da gidan taro na bakin kogi a farkon shekarun 1980. Sa'an nan a shekarar 2019, saboda taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai cikin watan Yuli, aka buɗe sababbin otel-otel da sabon ginin filin jirgin Diori Hamani, waɗanda fuskarsu kusan duk gilashi ce. Bankuna da shaguna da gidajen attajirai sun bi sahu, har a manyan garuruwan jihohi. Gilashi ya yawaita, ya kuma yi sama.

Dabarar da aka saba da ita ita ce tsani. Mutum ya hau, hannu ɗaya riƙe da bokiti, ɗayan yana gugar taga, ƙafafunsa bisa matakin da ruwan sabuni ya jiƙa. In ya gama taga ɗaya, maimakon ya sauka ya gusar da tsanin, sai ya miƙa jiki gefe don ya cimma ta biyu. A nan ake faɗuwa. Ƙa'idar kafa tsani ita ce, kowane metir 4 na tsawo, gindinsa ya nisanci bango da metir 1, wani kuma ya tsaya ya riƙe. Sau nawa ake samun mai riƙewa? Faɗuwa daga metir 4 ta isa ta karya ƙugu ko ƙashin baya, magidanci ya koma kwance, iyali su rasa mai nema.

Maganin da masu wannan sana'a suka samo a ƙasashen waje shi ne mutum ya tsaya ƙasa, kayan aikin su hau. Wato sanda mai miƙewa: bututu cikin bututu, siriri cikin kakkaura, kamar eriyar rediyo, ana zaro ta daidai tsawon da ake so a ɗaure. Da Faransanci sunanta «perche télescopique». Bahaushe ba baƙo ba ne ga doguwar sanda, ya san maƙata ta tsinkar mangwaro, ya san haiwa mai doguwar ƙota da ake noma da ita a tsaye. Abin da ya raba wannan da waɗancan shi ne gaɓoɓinta, kuma a gaɓoɓin nan ne alherinta da ciwonta suke.

Inda ta samo asali

A shekarar 1936 wani ɗan Italiya mai suna Ettore Steccone, mai wankin tagogi a garin Oakland na Amurka, ya ƙera masharin ruwa mara nauyi mai bakin roba guda ɗaya. Shi ne kakan wanda ake gani yau a hannun masu wankin mota. Da yake ba shi da nauyi, ana iya kafa shi a kan sanda. Cikin shekarun 1950 kamfanin Tucker na jihar Iowa ya fito da sandar alminiyom wadda ruwa ke bi ta tiyo ya hau har buroshin da ke kanta. A Ingila kuwa abin ya bunƙasa ne bayan dokar aiki a bisa tsawo ta shekarar 2005. Dokar ba ta hana tsani ba, amma ta wajabta ma mai ba da aiki ya kauce ma hawan ma'aikacinsa muddin aikin zai yiwu daga ƙasa. Daga nan masu wankin tagogi da yawa suka jingine tsani suka kama sanda, har ana samun mai kai metir 20.

Sai dai waɗanda suka ƙera ta sun yi ta ne don ƙasar ruwan sama da danshi. Ba su yi lissafin rairayin Sahel ba, ba su yi na ranar watan Afrilu ba. Saboda haka wanda zai saye ta a nan, akwai abubuwan da zai duba waɗanda takardar kamfani ba ta faɗa.

Da me aka yi ta?

Iri uku ne a kasuwa. Ta alminiyom ita ce aka fi samu, ita ce kuma mai araha. Nauyin alminiyom kusan kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe, ba ya tsatsa, amma yana loɓawa. Bututun da ya loɓa ko kaɗan ba ya sake shiga cikin ɗan'uwansa da daɗi. In an bar ta a rana tana zafi har hannu ya kasa riƙo, wadda ba a yi ma rufi mai kyau ba kuma tana baƙanta tafin hannu.

Ta biyu ta zaren gilashi ce da aka haɗa da danƙo. Tana da juriya, ba ta loɓawa, amma in ta yi tsawo tana da nauyi, tana kuma lanƙwasa kamar karan dawa cikin iska. Mai riƙe da ita a metir 8 yana kokawa da sandar fiye da yadda yake wankin taga. Rana kuma tana cin fatarta sannu a hankali, har zaren ya fito fili ya riƙa soke hannu kamar ƙaiƙayin hatsi.

Ta uku ta zaren karbon ce, baƙa, mara nauyi, mai tsauri. Ita ce sarauniyar sanduna, kuɗinta ma na sarauta ne. Ba ta lanƙwasa, amma ba ta yafe duka: in mota ta taka ta, ko aka matse ta fiye da kima, ko ta faɗi bisa bakin siminti, tsagewa take yi. Akwai kuma wadda aka gauraya karbon da zaren gilashi, tsaka-tsaki a nauyi da farashi.

Kada a raina maganar nauyi. Duk wanda ya taɓa ban ruwa da jigo ya san cewa abu kaɗan a ƙarshen dogon itace yana rinjayar abu mai yawa a gindinsa. A ɗauka buroshin rabin kilo ne, sandar ta karkata har kanta ya yi gaba da metir 2, hannuwan ma'aikaci kuma rabin metir ne tsakaninsu. Duk lokacin da ya ɗaga buroshin daga gilashi, rabin kilon nan kilo 2 yake zama a hannunsa, ban da nauyin sandar kanta. Ya maimaita haka daga safe zuwa azahar, kansa a ɗage. Ciwon wuya da na kafaɗa da masu aikin ke kuka da su daga nan suke. Saboda haka buroshi mara nauyi ya fi doguwar sanda muhimmanci, kuma shi ne abin da masu saye suka fi mantawa.

Ga makarantun boko da gidajen likita na karkara, waɗanda ba su da hawa, babu dalilin ɓarnar kuɗi. Busasshiyar gora ko gwangwala mai metir 3 ko 4, da tsumma ko soso a kanta, ɗaure da robar cikin tayar keke, ta biya bukata. Sanda mai miƙewa ta gidan bene ce.

Wayar wuta ba ta san mai gaskiya ba

Sanda ta raba mutum da haɗarin tsani, amma ta kawo nata. A garuruwa da yawa wayoyin lantarki suna bin gefen titi dab da fuskar gidaje, wasu ma ba su da rufi. Alminiyom yana ɗaukar wuta, wannan kowa ya sani. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne karbon ma yana ɗauka. Ganinsa kamar roba yana ruɗin mutum. Zaren gilashi kaɗai ne ba ya ɗauka, shi ma sai in yana bushe kuma ba datti. Sandar da ruwa ya jiƙa, ko ɗanyar gora, hanya ce ga wuta. Wasu kamfanoni suna yin bututun gindi, wanda hannu ke riƙewa, da zaren gilashi ko da sauran na karbon ne. Wannan kariya ce mai kyau, amma ba lasisin kusantar waya ba ne.

Wutar da ke shiga gida bolt 220 ce, tana kuma kisa. Manyan wayoyin da ke kai wuta ga taransifoma na unguwa suna ɗauke da dubban bolt, kuma ba sai an taɓa su ba, wutar tana iya tsallakowa in an matso. Dokar aiki ta Faransa ta ce kada mutum ko kayan aikinsa su kusanci wayar da ba ta da rufi ƙasa da metir 3 in ƙarfinta bai kai bolt 50 000 ba, metir 5 kuma in ya kai. Mai sandar metir 7 sai ya tuna cewa ba inda yake tsaye ne abin lissafi ba, inda kan sandar zai faɗa ne in iska ta fizge ta. Kafin a miƙe ta a ɗaga kai a duba. In za a tashi daga wannan bango zuwa wancan, a naɗe ta tukuna. In tagar tana bayan waya, a bar ta, ko a wanke ta daga ciki, ko a nemi Nigelec ta yanke wuta. In kuwa tsautsayi ya auku, kada kowa ya kama wanda wutar ta riƙe, kada a taɓa sandar. A yanke wuta daga kanta in ta gida ce, in babbar waya ce kowa ya ja da baya, a kira ƴan kashe gobara a lamba 18.

Tsawo da mariƙi

Hawa ɗaya na gini kusan metir 3 ne. Gida mai bene ɗaya, saman tagarsa ta sama yana wajen metir 6 daga ƙasa. Mai aiki yana riƙe gindin sanda wajen metir 1 daga ƙasa, yana kuma ja da baya kamar metir 2 don ya ga abin da yake yi. In aka yi lissafi, metir 5 da rabi yake bukata. To, kada ya sayi mai metir 5 da rabi, ya sayi mai 7. Dalili shi ne sandar da aka zare har ƙarshe ba ta da ƙarfi. Dole kowane bututu ya bar kamar taƙi ɗaya, wato santimetir 15 zuwa 20, cikin wanda ya fi shi kauri. Masu ƙira nagari suna sa jan layi a wurin. Wanda ya wuce jan layin don ya cimma wata taga, shi ne ke fasa bakin bututu. Amma kuma kada a zarce, a sayo ta metir 12 don gidan metir 6, ma'aikaci ya yini ɗauke da nauyin da ba ya amfani da shi. Sanda mai kyau ana iya zare bututunta na gindi a ajiye in aikin ranar gajere ne.

Yawan bututu ma abin dubawa ne. Sandar metir 7 mai bututu 4, in an naɗe ta, kusan metir 2 ce, ɗaukarta bisa moto wahala ne. Mai bututu 6 ba ta kai metir 1 da rabi ba, tana shiga ko'ina, amma gaɓoɓinta 5 ne maimakon 3, kowace gaɓa kuwa ƙofar lalacewa ce.

Abin da ke ɗaure gaɓa shi ne mariƙi, iri biyu ne. Akwai na murɗawa: a juya bututu ko zoben da ke bakinsa, wani ɗan abin roba ya buɗe ko ya matse. Yana da kyan gani, ba ya maƙalewa a jikin komai, shi ne a kan yawancin sanduna masu araha. Amma wanda ke ɓoye cikin bututu, in ƙura ta shige shi, ko dai ya ƙi riƙewa ko ya ƙi sakewa, ba a kuma ganin ciwonsa balle a yi magani. Na biyu shi ne mai kunne: zobe ne a waje da ɗan hannu da ake dannawa, da ƙusa mai zare wadda ake ƙara ma ƙarfi ko a rage. Komai nasa a fili yake. Ana kwance shi, a wanke, a mayar. A ƙasar ƙura, mai kunne ne abin saye, ko da ya fi tsada. In an samu wanda aka ɗaure da ƙusa a jikin bututu maimakon a manna shi da gam, ya fi, domin zafi yana sassauta gam.

Kafin a biya, a gwada. A zare sandar duka, a kwantar da ita a riƙe gindi, a ga yadda kanta ke sunkuyawa. A tokare kan da bango a tura da ƙarfi: in wata gaɓa ta zame a shago, a wurin aiki ma za ta zame. A murɗa kan a ga ko bututu yana juyawa cikin mariƙi. Sai a duba bakin da buroshi ke shiga, domin zaren Amurka daban ne da na Turai, wasu kuma ba zare gare su ba, tsini ne da ake cusawa. An sha sayen sanda a wannan shago, buroshi a wancan, a zo gida su ƙi juna. Tambaya ta ƙarshe ga mai shago ita ce ko yana sayar da mariƙi shi kaɗai, da bututu shi kaɗai. In ya ce sai dai a sayi sabuwa, to, sandar wata shida ce. Araha ba ta ado.

Mai ba ya gyara ta

Ƙurar hunturu tana da laushi a hannu, amma akwai ƙwayar yashi a cikinta, yashi kuwa ya fi gilashi tauri. Shi ya sa tagar da ake gogewa da busasshen tsumma takan dushe da zane-zane bayan ƴan shekaru, ba kuma wankin da zai mayar da ita. A jiƙa gilashi tukuna, ƙurar ta gangara, sa'an nan a goga. Abin da yashin nan ke yi ma taga shi yake yi ma sanda. Duk zarowa da mayarwa, ƙurar da ta kwanta a jikin bututu tana shiga ƙarƙashin mariƙi tana cin wurin. Bututu ya rame, mariƙi ya daina kamawa.

A nan ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa. Sanda ta fara tauri, sai a kai ta wurin mai gyaran keke ya zuba mata baƙin mai. Kwana biyu tana santsi, kowa ya yi murna. A rana ta uku man ya tara ƙura ya zama kwaɓin da ke cin bututu fiye da da, mariƙi kuma ya rasa abin kamawa. Sandar wankin taga ba ta son mai ko kaɗan. Ruwa take so. Bayan aiki a zare ta, a goge kowane bututu da jiƙaƙƙen tsumma kafin a naɗe. Sau ɗaya a mako cikin hunturu a raba bututun ɗaya-ɗaya, a zuba ruwa ciki da waje, a shanya a inuwa. A ajiye ta kwance bisa ƙusoshi biyu ko uku a jikin bango. Kada a bar ta cikin rufaffiyar mota ko bisa kwano da rana.

In gaɓa tana zamewa, a fara da ƙusar mariƙi: a ƙara mata rubu'in juyi, a gwada, a ƙara in bai isa ba. Kunnen ya kamata ya rufu da yatsa biyu. In sai an sa tafin hannu da ƙarfi, an wuce gona da iri, kuma haka ake tsaga karbon. In ƙusar ta kai ƙarshe gaɓar ba ta daina zamewa ba, bututun ne ya rame. A wanke shi, a bushe, a shafa barnishi irin na kafinta siriri-siriri, sau biyu ko uku, ana bari yana bushewa. Wannan yana mayar masa da kaurinsa. Haka ake yi ma sandar zaren gilashi mai ƙaiƙayi, bayan an goge ta da takarda mai yashi a jiƙe.

In bututu biyu suka cije, kada a kawo filaya, haƙoranta suna kashe bututu. A zuba ruwa a gaɓar, a naɗa robar cikin taya a kowane gefe don hannu ya samu riƙo, mutum biyu su murɗa, wannan dama wancan hagu, suna ja a hankali.

In mariƙi ya ɓalle daga mazauninsa, a kankare tsohon gam, a goge wurin, a manna shi da gam mai haɗi biyu irin Araldite, mai jinkirin bushewa, a bar shi kwana ɗaya cur. A kula kada gam ya zubo ciki, in ba haka ba an haɗa bututu biyu auren da ba saki.

Tsagewa kuwa, ya danganta da inda take. In a bakin bututu ne, abin da sauƙi. A naɗa tef mai manne a ƙasan tsagar don kada zaren ya tarwatse, a yanke da zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, a mayar da mariƙi a sabon bakin. An rasa taƙi ɗaya, an tsira da sanda. A jiƙa wurin yanka, a rufe hanci da baki, domin garin karbon da na zaren gilashi ba abin shaƙa ba ne. In tsagar a tsakiya take, nan gyara ya yi wuya, kuma dalilin yana cikin ƙirar sandar: in an yi ɗori daga ciki, ƙaramin bututu ba zai wuce ba, in an yi daga waje, shi kansa ba zai shiga babban ba. Bututun gindi kaɗai ake iya naɗe ma ƙyallen zaren gilashi da gam daga waje, na can sama kaɗai ake iya cusa ma ɗori daga ciki. Na tsakiya sai canji. Sandar da aka ɗaure tsagarta da tef aka ci gaba da aiki, wata rana za ta karye a sama, buroshi da rabin sanda su sauko bisa kan mai wucewa.

Ta alminiyom in ta loɓa, a sassaƙa icce mai tauri daidai cikin bututun, a tura shi, ana bubbuga wurin a hankali da guduma ta katako. In ta tanƙware kaɗan, a mirgina ta bisa siminti mai laushi a ga inda ta tashi, a danna sannu. Wadda ta karye gwiwa ba ta miƙuwa, wurin ya riga ya mutu, sai yanka. Kai ta wurin mai walda ɓata lokaci ne, wutar da ke haɗa ƙofar ƙarfe huda siririn alminiyom take yi. Amma maƙeran kasuwar Katako ta Yamai da takwarorinsu na sauran garuruwa suna da amfani ta wani fanni: ƙusar mariƙi da ta ɓata, da ɗan abin da zai haɗa zaren sanda da na buroshi, da murfin gindi, duk ba su fi ƙarfinsu ba. Murfin gindin nan ƙaramin abu ne, amma in ya faɗi, bututu yana cin ƙasa yana haɗiyar yashi. Ko guntun roba aka ɗaure a wurin ya fi babu.

Ruwan da ake wanki da shi

Masharin roba a kan sanda yana aiki da kyau har bene na farko. Daga nan hannu ba ya iya juya shi daidai, yana barin layi-layi. Shi ya sa dogayen sanduna suke amfani da buroshi da tiyo, a wanke a ɗauraye, a bar gilashi ya bushe da kansa. Amma wannan dabara tana da sharaɗi: sai ruwan da ba gishiri a cikinsa. Ruwan rijiya da na famfo suna ɗauke da gishiri da farar ƙasa, wani wuri har da kanwa. In sun bushe, fararen ɗigo suke bari. Masu sana'ar suna tace ruwa da na'ura, suna auna shi da ɗan abin awo kamar alƙalami, ba sa yarda da shi sai awon ya sauka ƙasa da 10. Wanda ya sayi doguwar sanda mai tiyo bai tanadi matacin ruwa ba, rabin kaya ya saya. Ruwan sama da aka tara cikin damana, bayan ruwan farko ya wanke rufi, ba shi da gishiri sosai, yana iya maye gurbi in an rufe shi da kyau.

Akwai kuma maganar yawa. Irin wannan sanda tana shan litir 1 zuwa 2 a minti, wato bido 3 zuwa 6 masu litir 20 a awa guda, matacin kuma yana zubar da wani kaso. A gari kamar Damagaram, inda ƙarancin ruwa tsohon ciwo ne, wannan lissafi ne da ya kamata shugaban ma'aikata ya yi kafin ya sa hannu. Bokiti ɗaya da soso da masharin roba suna wanke tagogi masu yawa.

Sandar nan ta samu wani aiki kuma wanda ya fi na taga nauyi, wato wankin allunan hasken rana da ake kira pano. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a shekarar 2018, ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a shekarar 2023. Ban da su, ga allunan da ke bisa rufin gidajen likita suna riƙe da firjin allurar rigakafi, ga na famfunan ƙauyuka. Taga mai ƙura muni kawai gare ta. Allo mai ƙura wuta yake ragewa, famfo ya yi sanyi, mata su daɗe a layi. Ana wanke shi da sassafe ko da maraice, domin ruwan sanyi bisa gilashin da rana ta gasa yana iya fasa shi. Buroshi mai laushi, ruwa zalla, kuma ba a taka shi da ƙafa. Sanda mai metir 3 ko 4 ta isa yawancinsu, mai kula da famfo ya tsaya ƙasa.

Ga masu sayen kayan hukuma

Dokar aiki ta Nijar, ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ɗora ma mai ba da aiki nauyin kare lafiyar ma'aikacinsa, asusun CNSS kuma yana biyan diyyar haɗarin aiki ga wanda aka rubuta sunansa. Da yawa daga cikin masu wankin tagogi ƴan aikin yini ne, ba sunansu a ko'ina. In sun faɗo, dangi ne asusunsu.

A ɗakunan ajiya na ma'aikatu ba a rasa sanduna jingine a lungu, tsawonsu lafiya lau, gaɓa ɗaya ce ta mutu, lebura kuma ya koma kan tsani. Yawanci takardar saye ce ta jawo haka, domin abin da aka rubuta a cikinta bai wuce «sanda, metir kaza, guda kaza» ba, ɗan kwangila kuwa ya kawo mafi araha. Takardar da aka rubuta da sani za ta faɗi tsawon ginin da za a wanke, da abin da aka ƙera sandar da shi, da irin mariƙinta, da nauyinta tare da buroshi. Za ta nemi mariƙi biyu na ajiya ga kowace sanda, da bututun sama guda ɗaya, tun da shi ne siriri mai saurin karyewa, da bakin roba na canji, wanda ake ɓoyewa a inuwa don zafi yana busar da shi. Ranar karɓar kaya kuma a kira wanda zai yi aiki da sandar, ya miƙe ta a tsakar ma'aikata, ya tokare ta da bango, kafin magatakarda ya buga hatimi.